Maman Wilson da Tafkin Juliana

A bayan layin dogo, in ka bar Kakuri ka nufi Gonin Gora, akwai wani ruwa da ake kira Tafkin Juliana. Ba shi da wani faɗi, mai ƙarfin hannu zai jefa dutse ya tsallaka, amma tsakiyarsa za ta haɗiye mutum biyu a tsaye, ɗaya bisa kan ɗaya, kuma ko rani ya kai inda ya kai ba ya ƙafewa. Ka tambayi mutum goma wace ce Juliana, za ka tashi da labari goma sha ɗaya, don a cikinsu ba za a rasa mai ba ka biyu ba.

Matan da ke kai kaya kasuwar Sabon Tasha sun ce amarya ce. Kwana uku da bikinta ta zo ɗibar ruwa, santsi ya kwashe ta, har yau tana zaune a ƙasa da farar rigar aurenta. Direbobin tifa sun ce wannan shirmen mata ne, mota ce aka rubuta wa Juliana a goshi, birki ya tsinke ta afka da kwandasta. Akwai kuma wani mai gyaran agogo a Tudun Wada da ke rantsuwa aljana ce, daga kogin Kaduna ta yi ƙaura da ƙarar motocin gada ta dame ta, ta ari sunan coci don kada malamai su gano ta. Inda duk suka haɗu guda ne: tana nan ƙasan ruwan, kuma ba abin da take so kamar ƙafar yaro.

Ana wannan musu, Maman Wilson na tsugune a bakin tafkin da garwarta tana ba alayyahu ruwa. In aka juyo aka ce, "Mama, ke da kika daɗe a nan, wanne ne gaskiya?" sai ta ce, "Duka. Matsa min daga kan latas."

'Yar gajeriyar mata ce busasshiya, da hannaye kamar na maƙeri da farce mai kauri da ƙasa ta riga ta rina. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa aka kawo ta a jirgin ƙasa ana tsakiyar yaƙin basasa, aka damƙa wa mijinta Nicholas, wanda ke aiki a masaƙa. Shekara biyar ba ko ɓatan wata. Macen da ba ta haihu ba kuwa kowa da sunanta yake kiranta, har ɗan da bai iya share majina ba. Sunan nata Juliana.

Zaman ɗakin haya da gulmar maƙwabta ya ishe ta. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, sai ta ji ana haƙar jar ƙasa a dajin bayan layin dogo ana zuba wa titi, kuma leburori na yini da yunwa. Ta ɗora tukunyar shinkafa da wake a kai, ta riƙa takawa har can kullum. Direbobin tifa in za su ɗauko ƙasa sai su ce, "Mu je ramin Juliana." Aka gama titi, leburori suka watse, damina ta cika ramin. Sunan ya zauna a bakin direbobi, ita kuwa ta koma gida da ciki.

Shekarar da naira ta shigo ta haifi Wilson. Daga ranar suna ba wanda ya ƙara kiranta Juliana, ko mijinta. Bayan shekara biyu ta haifi Edith, suka yi ɗaki biyu na laka a gefen tafkin, su kaɗai, sai kwaɗi. Waɗanda suka zo daga baya suka yanki fili, Bajju da Gwari da Hausawa da Inyamurai, sun tarar da abu biyu a wurin: tafki mai suna Juliana da wata mata mai lambu da ake kira Maman Wilson. Ba wanda ya yi tunanin haɗa su. Wa zai kalli uwar 'ya'ya ya tambaye ta sunan yanka?

Cikin maƙwabta mutum ɗaya ce ta sani, Hajara mai ƙosai, wadda katanga ɗaya ta raba su. Ita ma don wata rana ta raka ta asibiti ne aka kira sunan da ƙarfi.

Unguwa ta cika, yara suka yi yawa, kuma yaro in ya ga ruwa hankalinsa ya tafi. Ta kore su da baki, ta kore su da tsumagiya, ta kai ƙara gun iyaye. A banza. Ran nan, a mulkin farar hula na jamhuriya ta biyu, ƙarshen damina, tafki ya cika har yana lasar kunyoyin kuɓewa, tana cikin cirar ciyawa da la'asar sai ta ji shirun da ba ta so. Ta ɗago kai. Wani jirgin kara na wasan yara yana yawo a kan ruwa shi kaɗai, a gefensa kuma tafin ƙafa ɗaya yana nutsewa.

Ba ta iya iyo ba, har yau ma ba ta iya ba. Ta faɗa da zaninta, ruwa ya kai mata wuya, ya kai hanci, ta miƙa hannu cikin duhun ruwan ta damƙi abin da ta samu. Wata igiya ce ta fara zuwa hannunta ta tsinke. Ta sake lalube ta kama idon sahu, ta nutsa farce, ta ja da baya. Lawal ne, ɗan Hajara, shekararsa takwas. Ta kife shi a gwiwa ta danna, ya amayar da ruwa, amma bai buɗe ido ba. Ta saɓa shi ta bi ta bayan gidaje ta dire wa uwarsa, ta shiga nata ɗakin ta canza zani don haƙoranta na kaɗawa.

Da ta dawo, tsakar gidan Hajara ya cika da yara da mata, Lawal ya farfaɗo yana kuka yana nuna ƙafarsa ta hagu, inda jini ke tsattsafowa wuri biyar.

"Wani abu ne ya kama ni," in ji shi. "A cikin ruwa. Ya ja ni."

Yaran nan duk suka zaro ido. Maman Wilson ta dube su ɗaya bayan ɗaya, su goma sha wani abu, waɗanda gobe ma za su koma ruwan. Ta dubi Hajara. Hajara ta dube ta, ta sunkuyar da kai.

"Juliana ce," in ji Maman Wilson. "Mai tafkin. Kun zaci don me ake kiransa haka? Yau ta saki wannan don ta karɓe layar da ke ƙugunsa. Wanda ya sake shiga, ba saki."

Aka duba ƙugun Lawal, ba laya. Shi ke nan. Daga ranar, ko ƙwallo ce ta faɗa tafkin sai dai ta ruɓe a ciki. Ita iyakar abin da ta faɗa ke nan, amarya da tifa da aljana duk mutane ne suka ɗora daga baya, ta bar su. Layar kuwa, sai da ta zo wanke jiƙaƙƙen zaninta ta gan ta maƙale a ciki: jar fata, da tsohon anini mai huji ɗinke a gefe. Mayarwa zai ɓata labari, yarwa kuma ba ta iya ba, don a ganinta abin wani ne. Ta jefa ta ƙasan akwatinta na ƙarfe, kusa da katin baftisma, ta rufe. Ba su ƙara tayar da zancen ba ita da Hajara. Sai dai kowace Babbar Sallah, kafin a kai wa kowa nama, Hajara kan ɗora wa Lawal cinyar rago sukutum a faranti ta ce, "Kai wa Maman Wilson, ka durƙusa ka ba ta."

Shekara goma sha tara ba yaron da ya jiƙa gwiwa a tafkin nan. A cikinsu masaƙa ta rage ma'aikata har da Nicholas, baƙin ciki da hawan jini suka ƙarasa shi. Lambun ne ya riƙe gidan. Da alayyahu da ugu da latas ta kai Wilson makarantar koyon sana'a har ya tafi Fatakwal, da su kuma Edith ta zama ma'aikaciyar jinya. Hajara ma ta rasu shekara uku kafin abin da za a faɗa, ta tafi da nata rabin sirrin.

Sai sojoji suka ce sun gaji za su koma bariki. Aka buga gangar siyasa, kowane bango ya sha fasta, kuma wa zai fito takarar kansila in ba Lawal ɗan Hajara ba. Ya zama saurayi mai faɗin kafaɗa da daɗin baki. Sauran 'yan takara na alkawarin famfo da taki, shi kuwa abu ɗaya ya riƙe. Duk inda ya tsaya sai ya naɗe ƙafar wando ya nuna tabo biyar a idon sahunsa.

"Ni ba labari aka ba ni ba," yakan ce. "Ni ta kama. Ku zaɓe ni in cike ramin nan, mu yi tashar mota a kai, iyaye su huta da fargaba."

Mata suka yi ta guɗa. Maman Wilson ma ta dangwala masa, don ɗan Hajara ne, kuma ta ga 'yan siyasa a wancan karon, ta san alkawarinsu ba ya kai Laraba. Ashe wannan na daban ne. Wata biyu da rantsar da su, ta fito da safe ta tarar da turaku masu jan fenti an kafa su zagaye da tafkin, ɗaya ma a tsakiyar yakuwarta. Mai shela ya bi layi-layi yana cewa ranar Asabar akwai taro a filin firamare, yanzu mulkin jama'a ne, duk mai magana ya zo ya yi. Ranar Litinin tifofi za su fara zuba ƙasa.

Ta tsaya da garwa a hannu, ruwa na zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Takardar fili ba ta da ita, lokacin da ta zo wurin ba mai ba da takarda sai macizai. In aka cike tafkin nan, ba lambu. Tana da shekara hamsin da wani abu, ba ta san wata sana'a ba, kuma ta rantse ba za ta zauna a ɗakin suruka a Fatakwal tana jiran a zuba mata abinci ba.

Ranar Alhamis ta ɗaura zanin zumuntar matan coci ta tafi gidan Lawal. Ƙofar gidan da a da sai kaji, yanzu benci uku ne cike da masu neman aiki da masu neman a gan su. Da ya hango ta ya taso da kansa, ya rusuna.

"Mama, da kin aiko ai na zo."

"Onarabul ake aika wa? Ni da ko kujera ba ni da ita."

Aka yi dariya. Ya ce, "Na san abin da ya kawo ki. Kada ki damu. Shago na farko a tashar naki ne, na riga na faɗa."

"In sayar da me a ciki? Hayaƙin mota?"

"Lemo, biskit, abin da ya samu. Ki huta da tsuguno."

"Na ce maka na gaji? Lawal, ruwan nan bai taɓa cin kowa ba."

Fuskarsa ta canza. Ya kai hannu ƙafar wando, ta ce, "Bar shi, na gani, duk Kaduna ta gani." Ya ce a hankali, "Mama, har yau ina mafarkinsa. Ina jin hannun nan. Yanzu ina da 'ya, ta fara tafiya. Ba zan bar ta ta girma kusa da abin nan ba."

Maganar na bakinta. Ta dubi bencin nan uku, kunnuwa sun fi talatin duk a miƙe. Ta haɗiye, ta ce a gaida uwargida, ta juyo. 

Ranar Juma'a da rana Edith ta dawo daga aiki ta same ta zaune a ƙasa, akwatin ƙarfe a buɗe. Edith ta san sunan uwarta mana, amma ta ɗauka dacewa ce kawai, don a cocinsu kaɗai Juliana sun kai biyar. Uwar ta faɗa mata komai, tiryan-tiryan, ta ajiye layar a tabarma.

Edith ta dubi layar. Can ta ce, "Mama, shekara goma sha biyu ina zagayawa ta bakin titi in je makaranta don tsoron ruwan nan."

"Ga ki da ranki kuwa."

"Laya a akwatinki. Kusa da katin baftisma. In Fadan cocinmu ya ji fa?"

"Fada ba ya cin alayyahu? Bar ni da Fada."

"To bar Fada. Ki yi tunani. Shekara nawa ana cewa wadda ke cikin ruwa ta karɓe layar Lawal. Gobe ki tashi gaban jama'a ki ce ke ce Juliana, ga layar a hannunki. Me kike zato za su ji? Ba za su ji kin cece shi ba. Za su ce ga mayyar ta fito da kanta. Kin manta tsohuwar nan ta bayan kasuwa, da aka jefi ɗakinta har rufi ya faɗo?"

Ba ta manta ba. Ita ta kai wa tsohuwar kunu washegari.

"Ki karɓi shagon, Mama. Ko ki zo mu zauna tare."

"In ba ki labari kuma, in na faɗa, yaran nan za su koma ruwa. Shi ya fi damuna, ba duwatsunsu ba."

"To kin gani. Ki yi shiru."

Maman Wilson ta juya layar a tafin hannu. Ta leƙa ta ƙofa, ga lambun kore shar har bakin ruwa, ga turakun ja. Ta ce, "In na yi shiru, ƙaryata ce za ta cinye gonata. Ni na haife ta, ni zan kashe ta." Ta ƙulle layar da katin a bakin zani. Abincin rana ko taɓawa ba ta yi ba.

Ranar Asabar filin firamare ya cika tun hantsi. Aka jera manya a inuwar dalbejiya, Mai unguwa Shehu a tsakiya, Lawal a damansa da babbar riga sabuwa. Shugaban direbobi ya yi magana, aka tafa. Wata ta koka kan sauro, aka tafa. Mai unguwa ya ce, "Akwai mai ja?" yana shirin naɗe tabarmar zance, sai ga hannu ɗaya daga cikin mata, na Maman Wilson. Edith ta riƙe mata zani, ta fizge.

Ta tako tsakiyar fili. 

"Mai unguwa, ina da tambaya. In abu na ɗauke da sunan mutum, ana binne shi ba a tambayi mai sunan ba?"

"Ba a yi, Maman Wilson. Sai dai mai wannan sunan ba ta zuwa taro."

Aka kwashe da dariya. Ta jira ta lafa.

"Ta zo. Ni ce Juliana."

Dariyar ta fi ta farko. Wani ya ce rana ta bugi tsohuwa, a ba ta ruwa. Ta kwance bakin zani ta miƙa wa hedimasta katin baftisma, ya karanta da ƙarfi. Ta ba su labarin jar ƙasa da shinkafa da wake. Shugaban direbobi ya ce, "Mama, a layinmu ma akwai Juliana biyu. Su ma su zo a raba musu ruwan?"

Nan ta san kati ba zai yi ba. Ta sake kai hannu bakin zani, yatsunta suka ƙi kwance ƙullin sai da ta sa haƙori. Ta taka har gaban teburin ta ajiye layar a gaban Lawal.

 Na gaba suka leƙa, magana ta bi layi zuwa baya kamar wuta a ciyawa. Wata mata ta janyo ɗanta ta rungume. Bencin da ke kusa da ita ya fara ja da baya. Daga can cikin samari ta ji kalmar da Edith ta faɗa, a hankali tukuna, sannan wani ya maimaita da ƙarfi. Ta ga wani ya sunkuya ƙasa, ba ta tsaya ganin abin da ya ɗauka ba.

Ta juyo ta fuskance su, ta ɗaga hannunta na dama.

"E, ni na kama shi. Da wannan. Ku zo ku duba farcen, yana nan. Kai mai cewa mayya, ɗan gidan Wilfred ne kai ko? A ruwan mayyar aka wanke ganyen da ya raine ka, ga ka nan ƙato. A cikinku wa ya taɓa jin mayya ta kama yaro ta saɓa shi a kafaɗa ta kai wa uwarsa har tsakar gida? Na yi muku ƙarya, na yi. Na gaya wa 'ya'yanku da baki ba su ji ba, na gaya muku ku iyaye kuka ce in bar yara su yi wasa. Shekara goma sha tara, wa ya binne ɗa saboda ruwan nan? Ya ɗaga hannu in gan shi."

Ba hannun da ya tashi. Amma ba wanda ya dawo da bencinsa kusa kuma. Duk ido ya koma kan Lawal.

Shi bai ɗago ba. Yana ta murza aninin da babban yatsa. Ta matso ta rage murya, amma filin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Jirgin kara ka bi. Da na danna cikinka, ruwa ya fito da ƙosai uku da ka sata a tiren uwarka. Ban taɓa faɗa mata ba."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Lawal ya goge fuska da hannun riga. Da ya yi magana, ba muryar kamfen ba ce.

"Kowace Sallah Inna na aike ni da cinya gidan matar nan. Har na girma ina jin haushi, mu a bar mu da haƙarƙari. Ranar da za ta cika ta ce min, Lawal, ka kula da Maman Wilson, ƙafar da kake takawa tata ce. Na zaci zafin ciwo ne." Ya dubi layar, ya dube ta. "Mama, shekara goma sha tara ina gudun hannun nan a mafarki."

"Na sani. Ka yafe min wannan. Da na bar ka ka san gaskiya, da kai za ka fara komawa."

Ya taso ya zagayo teburin, da babbar rigarsa da komai, ya durƙusa a ƙasa kamar mai miƙa faranti. Wanda ya sunkuya ɗazu ya saki abin da ke hannunsa.

Ba a ranar aka gama ba. Direbobi sun yi ta gunaguni, an yi zama biyu a sakatariya, daga ƙarshe aka kai tashar wani fili a bakin titi, aka zo aka tuge turakun. Wasu matan sun yi wata guda ba su sayi ganyenta ba, sannan suka dawo ɗaya-ɗaya, don na kasuwa bai kai nata ba. Fada ya kira ta ya yi mata faɗa a kan ƙarya, ta saurara, ta aika masa da latas. Abu ɗaya ta roƙa a gaban mai unguwa, a zagaye tafkin da waya. Lawal ya yi alkawari, kuma ya kai takarda. An ce tana ofis.

Kwana huɗu bayan taron, tana ban ruwa da rana, ta ji fantsama a ɗaya gefen. Yara uku ne, tsirara, ruwa iya gwiwa, suna kallonta suna dariya.

"Juliana," in ji babban cikinsu, "zo ki kama mu."

Ta yar da garwar ta bi su da tsumagiya har bakin layin dogo. Da ta dawo wasu biyu sun shiga ta bayanta.

Tun daga ranar ta daina kai kaya kasuwa da kanta, masu sari ke zuwa har lambu. Ta kafa kututture a tudun da ake ganin tafkin duka, ta ajiye doguwar gora mai ƙugiya a gefe, da igiya. Coci ma ta koma zuwa sujadar farko, ta fito kafin yara su karya. In an taso daga makaranta za ka gan ta zaune, bakinta na motsi, tana ƙirga kawuna. Tana ba alayyahu garwa ɗaya, ta ɗago ta sake ƙirgawa. In ka gaishe ta a wannan lokacin za ta amsa, amma ba za ta dube ka ba.